Ta yaya bauta ta zama gadon baƙar fata kaɗai a Virginia?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya da ta fi ƙarfina, kuma 'yata ce ta ɗora min ita.

Shekara 9 ke nan ina zaune a Richmond ta jihar Virginia a Amurka, ina tuƙin motar ɗaukar kaya. Ummi tana aji 4, a bana kuma ana koya musu tarihin jihar. Ran Asabar da ta wuce na ɗauke ta da mahaifiyarta muka tafi Hampton, bakin ruwa, wurin da ake kira Fort Monroe. Akwai wani allo a can da ke cewa a nan ne jirgi ya sauke 'yan Afirka na farko a Virginia, mutum 20 da 'yan kai, cikin watan Agustan 1619. Na daɗe tsaye gaban allon nan. Ga mutane a gefe suna kamun kifi, yara suna guje-guje, ni kuwa zuciyata ta yi nauyi.

A hanyar dawowa Ummi ta ce malamarsu ta gaya musu cewa yawancin Turawan da suka zo Virginia a wancan zamanin su ma ba da cikakken 'yanci suka zo ba. Talakawan Ingila ne da suka sa hannu a takarda za su yi wa wani aikin gonar taba shekara 4 zuwa 7, shi kuma ya biya musu kuɗin jirgi. Ana dukansu, ana sayar da takardarsu daga hannu zuwa hannu, ba sa aure sai da izinin ubangida. Sai ta ce, "Baba, to in dai tare suke noma, me ya sa su suka fita, baƙaƙen ba su fita ba har jikokinsu?"

Na ce mata saboda launin fata. Ta ce ai ta san wannan, abin da take so ta ji shi ne wa ya fara cewa haka za a yi, kuma yaushe. Nan na yi shiru har muka iso gida.

Ba na so in ba yarinya amsar da za ta gano ba ta cika ba idan ta girma. Kullum ina bi ta Shockoe Bottom da mota, unguwar da aka yi kasuwar bayi a garin nan, amma ban san mafarin abin ba. Wanda Allah ya ba sani ya taimaka min, da bayanin da zan iya mayar wa yarinya 'yar shekara 9.

Malam Na-Ɗakin-Karatu ya amsa:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya raya Ummi, tambayar da ta yi manyan masana tarihi sun daɗe suna gardama a kanta.

Ba mutum ɗaya ne ya ce haka za a yi ba. Majalisar Virginia ce ta gina abin da dokoki, ɗaya bayan ɗaya, cikin kusan shekara 65. Idan ka jera dokokin kusa da shari'o'in da aka yi a kotu, za ka ga kusan kowace doka toshe wata ƙofa take yi wadda wani ya riga ya bi ya fita. Ruwa ba ya tsami banza.

Fara da taba. Turawan Ingila sun kafa garin Jamestown a Virginia a 1607, mutane suka yi ta mutuwa da yunwa da cuta, sai John Rolfe ya gwada wani irin taba mai daɗi da kasuwar Landan ta karɓa. Taba kuwa hannuwa take ci. Daga 1618 aka fito da tsari: duk wanda ya biya wa mutum kuɗin jirgi zuwa Virginia, a ba shi eka 50 na ƙasa. Ka ga mai kuɗi ya samu riba biyu, ga fili ga mai noma shi. Filin nan kuma na mutanen Powhatan ne da sauran 'yan asalin ƙasar, kada a manta da wannan. A shekarun farko baran wa'adi, wato wanda ya sa hannu a takardar aikin wasu shekaru, ya fi bawa araha, don mutuwa ta yi yawa. Wa zai zuba kuɗi mai yawa ya sayi mutum har ƙarshen ransa, alhali zazzaɓi na iya ɗauke shi kafin damina biyu? Shi ya sa har wajen 1650 'yan Afirka a Virginia ba su wuce kamar 300 ba. Ko a 1671, gwamna William Berkeley ya ƙiyasta mutanen yankin 40,000, cikinsu barorin wa'adi 6,000, bayi baƙaƙe 2,000.

A wannan tsakanin wasu baƙaƙe sun fita. Wanda aka fi sani shi ne Anthony Johnson, da aka kawo a 1621. Ya samu 'yancinsa, shi da matarsa Mary, a 1651 yana da eka 250 a gundumar Northampton, yana da shanu, yana kai ƙara kotu yana cin nasara. Gaskiya mai ɗaci kuma ita ce a 1655 ya ci shari'ar da ta ba shi wani baƙin mutum, John Casor, a matsayin bawansa har mutuwa. Amma dubi ƙarshen labarin: bayan rasuwarsa a 1670, aka yanke hukunci cewa filin da ya bari a Virginia ba zai gadu ba, wai shi baƙi ne, don haka baƙo ne a ƙasar. Mutumin da ya yi sama da shekara 40 yana noma a wajen.

Ga yadda ƙofofin suka rufe. A dokar Ingila ɗa matsayin ubansa yake bi, kuma mutane da yawa sun ɗauka ba a bautar da Kirista. Wata mata, Elizabeth Key, uwarta baiwa ce 'yar Afirka, ubanta Bature, an kuma yi mata baftisma. Ta riƙe waɗannan hujjoji ta kai ƙara, a 1656 ta samu 'yancinta da na ɗanta. A 1662 majalisa ta yi doka cewa ɗa uwarsa zai bi, in baiwa ce shi ma bawa ne. A 1667 ta ce baftisma ba ta 'yanta kowa. A 1669 ta ce in bawa ya mutu a hannun ubangidansa wajen horo, ba kisan kai ba ne, don wai ba wanda zai lalata dukiyarsa da gangan. A 1670 aka hana baƙi mai 'yanci sayen baran wa'adi Bature.

Sai tawayen Nathaniel Bacon a 1676. Mafarinsa ba abin yabo ba ne, mutanen bakin iyaka ne ke son a ƙyale su su karkashe 'yan asalin ƙasa su ƙwace fili, har da ƙabilun da ke zaman lafiya da su kamar Pamunkey. Amma da rikicin ya koma yaƙi da gwamna, barori da bayi suka shiga, aka ƙone Jamestown ƙurmus a watan Satumba. Bacon ya mutu da ciwon ciki a watan Oktoba. Cikin waɗanda suka ƙi ajiye makami har ƙarshe akwai wata ƙungiya ta baƙaƙe 80 da Turawa 20. Masu manyan gandaye sun ga abin da idonsu: talaka fari da bawa baƙi riƙe da bindiga a sahu ɗaya.

A lokacin nan kuma kasuwa ta juya. Albashi ya ɗan tashi a Ingila, masu son zuwa wa'adi suka ragu, wasu suka fi son Pennsylvania da aka kafa a 1681. Mutuwa ta ragu, sayen bawa ya fara biya. Kamfanin sarautar Ingila na cinikin Afirka, wanda aka kafa a 1672, ya rasa kakagidan da ya yi wa cinikin a 1698, jirage suka yi ta zuwa kai tsaye.

Dokar 1705 ce ta tattara komai wuri guda, kuma ita nake so ka karanta wa Ummi wani yanki nata. Ta ce baran wa'adi namiji idan ya gama a sallame shi da masara, da sule 30, da bindiga. Ta hana a tuɓe Bature Kirista a yi masa bulala sai da umarnin alƙali. A dokar guda kuma ta ce dawaki da shanu da aladun da bawa ya mallaka a ƙwace, masu kula da coci su sayar, a ciyar da matalautan unguwa da kuɗin. An ba wannan bindiga, an karɓe saniyar wancan an ciyar da talakawan fararen da ita. Daga nan talakan Bature ya samu wani abu da zai kare, ko da ba shi da ko eka ɗaya.

Ɗalibi a Maryland ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru ƙwarai, amma ina da ja a wuri ɗaya, a yi min afuwa.

Yadda aka jera labarin, mai karatu zai iya ɗauka da farko daidai ake kallon baƙi da fari, doka ce ta zo ta raba su. Ni ban ga haka ba a takardun. Tun ran gini tun ran zane. Mutanen 1619 ɗin nan ba takarda suka sa wa hannu ba. An kamo su ne daga yankin Angola, aka zuba su a jirgin Fotugal mai zuwa Meziko, 'yan fashin teku na Ingila suka tare jirgin, suka kawo su suka musanya da abinci. A ƙidayar 1625 an rubuta Turawa da sunansu da jirgin da ya kawo su, amma da yawa daga cikin 'yan Afirka 23 da ke ciki ba a ko rubuta sunansu ba, sai dai "baƙi namiji", "baƙa mace".

Sannan ga shari'ar 1640, shekara 22 kafin dokar uwa da Malam ya ambata. Barori 3 suka gudu daga gidan Hugh Gwyn zuwa nan Maryland, aka kamo su. An yi wa kowa bulala 30. Biyun Turawa ne, ɗaya ɗan Holan ɗaya ɗan Sikotilan, aka ƙara musu shekara 4. Na ukun, John Punch, baƙi ne, aka ce zai yi bauta har ƙarshen ransa. Laifi ɗaya, rana ɗaya, alƙalai ɗaya. Ba wata doka a rubuce da ta umarce su da haka, daga cikin kansu ya fito.

Kuma Turawan Virginia ba a duhu suke ba. Sun san abin da Sifaniyawa da mutanen Fotugal suke yi sama da shekara 100, sun san tsibirin Barbados, inda gandayen rake suka sa aka yi dokar bayi tun 1661. Mutanen Barbados ɗin ne ma suka taimaka wajen kafa Carolina a 1670, can kuwa ba a yi wani zamanin laluben hanya ba, da bauta aka fara. Massachusetts ma, da ake yi wa kallon garin masu ibada, ta halatta bauta a rubuce tun 1641.

Don haka Baban Ummi, amsar da ka ba ta ta farko ba kuskure ba ce. Raini ya riga doka zuwa.

Malam Na-Ɗakin-Karatu ya amsa:

Ɗalibi, ka yi gaskiya, kuma da na tuna da Punch da na sa shi. Raini yana nan tun farko, ban musa ba. Abin da nake riƙe da shi shi ne raini kaɗai bai hana Elizabeth Key shiga kotu ta ci ba, bai hana Johnson mallakar fili ba. Bayan 1705 irin wannan ya zama da ƙyar, a 1723 kuma aka ƙwace wa baƙaƙe masu 'yanci damar jefa ƙuri'a, abin da ke nuna wasunsu suna jefawa kafin nan. Ummi ta tambayi wa da yaushe, dokokin ne suke da kwanan wata da sa hannu.

Maman Khalifa ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari Malam da ƙanena Ɗalibi. Ni ungozoma ce a wani asibiti a Philadelphia, kuma kun wuce dokar 1662 da sauri, alhali a ganina nan ne zuciyar tambayar Ummi take. Ai ba ta tsaya kan me ya sa ba su fita ba, cewa ta yi "har jikokinsu".

Ku tsaya ku duba abin da dokar nan ta yi wa mace. Kafin ta, Baturen da ya yi wa baiwa ciki zai iya fuskantar a ce ɗan nasa ne, ya ciyar da shi. Bayan ta, ɗan ya zama dukiyarsa, yana iya sa shi a gona, yana iya sayar da shi. Wato an cire wa namiji duk wani nauyi, an mayar masa da laifinsa riba. Ita kuma uwar, duk naƙudar da za ta yi, ta san abin da za ta haifa na wani ne tun kafin a yanke cibiya. Ina karɓar haihuwa shekara da shekaru, na san yadda mace ke miƙa hannu a ba ta jaririnta. Duk ranar da na tuna dokar nan sai jikina ya yi sanyi.

Tun 1643 ma an fara raba matan. Dokar haraji ta shekarar ta sa matan Afirka cikin waɗanda ake biya wa harajin kai kamar maza masu aikin gona, matan Ingila kuwa ba a sa su ba. Ko baƙar mace ta samu 'yanci harajin na binta, don haka gidanta ya fi gidan maƙwabciyarta Baturiya nauyin biya.

Su ma matan Turawan ba a bar su sakaka ba. Dokar 1691 ta ce Bature ko Baturiyar da suka auri baƙi ko ɗan asalin ƙasa a kore su daga Virginia cikin wata 3. Baturiyar da ta haihu da baƙi ba aure ta biya fam 15, in ba ta da shi a sayar da aikinta shekara 5, ɗan kuma ya yi wa wasu aiki har ya kai shekara 30. Ba a yin doka kan abin da ba ya faruwa. Mutanen nan suna aiki tare, suna kwana a rumfa ɗaya, suna son juna, sai da aka sa tara da kora kafin a raba su.

Baban Ummi, ba sai ka faɗa wa yarinya duk wannan yanzu ba. Amma ka gaya mata sunan Elizabeth Key, ka gaya mata mace ce ta kai ƙara ta ci, har ta auri lauyan da ya tsaya mata, William Grinstead, wanda shi ma tsohon baran wa'adi ne. Akwai kuma wata Elizabeth ɗin, da ake kira Mum Bett, a Massachusetts. Ta ji tsarin mulkin jihar na 1780 ya ce an haifi kowa da 'yanci, ta nemi lauya, a 1781 kotu ta sake ta, ta zaɓa wa kanta suna Freeman.

Alhaji Mai Ritaya ya amsa:

Yarinyar nan za ta dawo da tambaya ta biyu, gara ka shirya: da Amurka ta ayyana 'yancin kai a 1776 aka rubuta cewa an halicci mutane daidai, me ya sa ba a gyara ba?

Wasu sun gyara. Vermont ta fara a 1777, Pennsylvania ta yi dokar 'yantawa sannu a hankali a 1780, ko da yake 'ya'yan da aka haifa bayan dokar sai sun yi aiki har su kai shekara 28 da haihuwa. New York ta bi a 1799, ba ta gama ba sai 1827. A Virginia kanta dokar 1782 ta sauƙaƙa wa mutum ya 'yanta bayinsa, kuma wani attajiri, Robert Carter na uku, ya rubuta takarda a 1791 da ta kai ga sakin mutum sama da 500. Ina kawo shi ne don kada a ce mutanen zamanin ba su san abin ba daidai ba ne. Sun sani. George Washington ya yi wasiyya a saki nasa 123, amma sa'ad da yake shugaban ƙasa a Philadelphia yana fitar da bayinsa daga jihar kafin su cika wata 6, don kada dokar Pennsylvania ta 'yanta su. Da Ona Judge ta gudu daga gidansa a 1796, ya aika a nemo ta har New Hampshire, ta ƙi dawowa. Thomas Jefferson ya mallaki mutum sama da 600 a rayuwarsa, kaɗan ƙwarai ya saki.

Bayin ma ba zaman jira suka yi ba. Da gwamnan da Ingila ta naɗa a Virginia, Dunmore, ya yi shela a 1775 cewa bawan ɗan tawaye da ya zo wajensa ya ɗauki makami ya 'yantu, mutane suka yi ta gudu. A 1783 jiragen Ingila sun kwashe kimanin 3,000 daga New York, yawancinsu zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau, daga can kusan 1,200 suka wuce Saliyo a 1792.

Amma tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa kashi 3 cikin 5 na mutum wajen rabon kujerun majalisa, ya ce a mayar da wanda ya gudu, ya ce ba za a hana shigo da bayi ba kafin 1808. Ƙidayar 1790 ta sami mutum kusan miliyan 4, bayi kusan 700,000, Virginia kaɗai tana da kusan 293,000. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar ta ce sai fari mai 'yanci. Injin gurzar auduga ya zo a 1793, farashin bawa ya tashi. Bayan an gano shirin tawayen Gabriel, wani maƙeri, a garinku Richmond a 1800, aka ƙara ɗaurewa, a 1806 aka ce wanda aka 'yanta ya bar jihar cikin wata 12. Taba ta gajiyar da ƙasar Virginia, sai masu gandu suka koma sayar da mutane zuwa gonakin auduga na kudu. Kasuwar Shockoe Bottom da kake wucewa ke nan.

Baban Ummi ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Maman Khalifa, na karanta wa mahaifiyar Ummi naki, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Jiya bayan isha'i na zaunar da Ummi, na ɗauko takarda na ja layi, na rubuta 1640, 1656, 1662, 1667, 1705. Na ba ta labarin mutum uku da suka gudu tare aka yi musu hukunci daban, na ba ta na Elizabeth Key, sannan na ce ta duba shekara nawa ne tsakanin ranar da matar ta ci shari'a da ranar da aka sauya dokar. Ta ƙirga da yatsu ta ce 6. Sai ta tambaye ni ko jikokin Anthony Johnson suna nan. Malam, na ga an ce iyalin sun koma Maryland kafin ya rasu, har wani jikansa ya sa wa gonarsa suna Angola. Idan akwai abin da aka sani game da su bayan nan, a taimaka min da shi kafin Juma'a, ranar za ta kai aikin makaranta.